Duka a Gida Yana Buɗe wa Cutar Sida Ƙofa

An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an rufe rumbuna. Daga Kanambakashe zuwa Korgom, daga Isawan zuwa Hawandawaki, samari da magidanta sun fara ɗaure kayansu za su tafi cin rani. Wasu Kano suka nufa, wasu Legas, wasu Agadas, wasu kuma har Libiya. Za su bar mata da yara a gida, sai gab da shuka su komo.

Saboda haka muka zaɓi wannan lokaci domin mu tattauna wata magana mai nauyi. Maganar ita ce dangantakar da ke tsakanin dukan mata a gidan aure da yaɗuwar cutar sida. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Duka daban, cuta daban. To, a biyo mu a hankali, a karanta sannu sannu. Wanda ya gama karantawa ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mece ce cutar sida?

Sida, wadda wasu ke kira ƙanjamau, cuta ce da wata ƙwaya mai suna HIV take haddasawa. Ƙwayar ba ta ganuwa da ido. Idan ta shiga jiki, sai ta riƙa cin garkuwar jiki a hankali, kamar yadda gara take cin ginshiƙin rumbu ta ciki alhali waje yana nan lafiya lau. Mutum yana iya yin shekaru da ita bai sani ba, yana noma, yana cin kasuwa. Ba a gane mai ita da kallon fuska. Awo kaɗai ke nuna ta.

Hanyoyin kamuwa da ita uku ne. Ta farko, saduwar mace da namiji ba tare da kariya ba. Ta biyu, jini, kamar ta allura ko aska ko reza da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba. Ta uku, daga uwa zuwa ɗa, a cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko wajen shayarwa. Ba a ɗaukar ta wajen gaisawa, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya. Sauro ma ba ya yaɗa ta.

An fara gane wannan cuta a Amurka a shekarar 1981. A Nijar kuwa, a shekarar 1987 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasarmu a 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1000 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar. Da aka sake binciken a 2012, sai aka samu mutum 4 cikin 1000. Wannan abin godiya ne ga Allah, domin a wasu ƙasashen kudancin Afirka lamarin ya ninka haka sau da yawa. Amma kada mu yi sake. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Tasawa da Mayahi kowace ta haura mutum dubu 500. Huɗu cikin dubu a wuri mai yawan jama'a haka ba gida ɗaya ba ne, ba gida goma ba ne. Manomi ya san ƙuduji guda ɗaya a gona ba abin rainawa ba ne, domin in an bar shi ya yi iri, baɗi gonar ce za ta faɗi labari.

Mene ne cin zarafi a gidan aure?

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Saɓani tsakanin miji da mata ba baƙon abu ba ne, kuma ba shi muke nufi ba. Abin da muke nufi shi ne a mayar da gida wurin tsoro. Wannan yana zuwa ta fuskoki da dama. Akwai duka da hannu ko da sanda ko da bulala. Akwai tilasta wa mace kwanciya da ƙarfi, ko tana ciwo, ko tana jego, ko tana kuka. Akwai zagi da wulaƙanci da barazanar saki kullum. Akwai hana ta abinci, ko ƙwace abin da ta noma a gamanarta, ko hana ta zuwa gidan likita. Akan samu mace mai cutar da mijinta, wannan ma laifi ne. Amma mafi yawan waɗanda ake duka mata ne.

Binciken 2012 da muka ambata ya yi wa mutane wata tambaya: shin miji yana da damar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba izini, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi kwanciya da shi? Mata 60 cikin 100 suka ce yana da dama a kan aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan. Maza 27 ne cikin 100 suka ce haka. A dubi wannan da kyau. Matan sun fi mazan yarda da dukan, domin tun suna ƙanana ake ce musu aure haƙuri ne. Binciken ya kuma nuna a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18, a jahar Maraɗi kuwa adadin ya kai 89. Yarinya ƴar shekara 14 da aka kai ɗakin wanda ya haife ta a shekaru, da wane baki za ta ce masa a'a?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duka da tsoro su ne tsagar bangon gida. Bari mu nuna tsaga huɗu.

Tsaga ta ɗaya: kwanciyar dole

Idan aka sadu da mace da ƙarfi, jikinta bai shirya ba, takan ji rauni a gabanta, wani lokaci har da jini. Wannan rauni ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Abin ya fi tsanani ga yarinyar da jikinta bai gama ƙosawa ba. Haka kuma ciwon sanyi da tunjere, idan ba a yi maganinsu ba, suna kawo gyambo da kumburi, su sauƙaƙa wa ƙwayar sida shiga. Mai tilasta wa mace kuwa ba ya tsayawa neman kwaroron roba.

Tsaga ta biyu: bakin da tsoro ya rufe

Wannan ita ce babbar tsaga. A yawon da muke yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci, wata rana mun iske ajin mata a wani ƙauye kusa da Gulbin Kaba suna karanta darasin sida. Malamarsu ta yi bayanin awon jini da kwaroron roba, kowa ya gane. Da aka tashi, wata ɗaliba ta tsaya, ta rufe rabin fuskarta da gyale, ta ce mana: "Malam, karatun duk na gane. Amma wa zai gaya wa maigidana? Ranar da na tambaye shi kuɗin magani kwana uku na yi ban iya ɗaukar tulu ba. In na ce masa mu je awon jini, sai dai a ɗauke ni."

Mun yi shiru, domin ba mu da amsa a ranar. Mun koya mata karatu, mun gaya mata hanyar tsira, amma hanyar tana hannun wanda take tsoro. Macen da ake duka ba ta iya tambayar mijinta inda ya kwana wata shida na cin rani. Idan ta ga alamar ciwon sanyi a jikinsa ba ta iya cewa ya je likita. Idan ta ambaci kwaroron roba, sai ya ce mata, "A ina kika san shi?" Daga nan sai mari. Saboda haka takan zaɓi shiru, ta kwanta da fargaba, ta tashi da fargaba.

Tsaga ta uku: halin mai duka

Masu bincike a ƙasashe da yawa sun lura da abu ɗaya. Namijin da ya saba dukan matarsa ya fi sauran maza yawan neman mata a waje, ya fi su shan giya ko ƙwaya, ya fi su ƙin kwaroron roba. Dalili kuwa a fili yake. Tushen halayen nan ɗaya ne, wato mutum ya ɗauka shi namiji ne, ba mai tambayarsa, abin da ya ga dama shi zai yi. A wajenmu ga tramol ya shigo, samari suna sha domin su jure aikin ƙarfi, ya kwashe musu hankali. Wanda ya bugu ba ya tuna kariya a waje, ba ya tausayi a gida. In ya ɗauko cuta, ba kansa kaɗai ya ɗauko wa ba. Idan matansa biyu ne ko uku, duk suna cikin haɗari, har da jariran da za su haifa. Ba mu ce duk mai zuwa cin rani haka yake ba. Da yawa suna tafiya su sha wahala, su tsare mutuncinsu, su komo da abin sayen hatsi. Allah ya saka musu da alheri.

Tsaga ta huɗu: abin da ke biyo baya

Duka yakan kai mace ga yaji, yaji ya kai ga biko, a koma, a sake duka, har igiyar aure ta tsinke. Sai ta fita da goyo a baya, ba gona, ba jari. Wata takan yi aure biyu ko uku a jere, ba a yi awon jini ko sau ɗaya ba. Wata kuma yunwa takan tura ta birni, ta faɗa hannun masu ba da kuɗi domin biyan buƙatarsu. Ta wannan hanya dukan da aka yi a ɗaki guda yake yaɗa cuta a gari.

Akwai kuma wadda ta riga ta kamu. Sau da yawa mace ce ke fara sanin sakamako, domin ita ke zuwa awon ciki, a can ake auna jininta. Idan tana tsoron mijinta, sai ta ɓoye. Ta ɓoye takarda, ta ɓoye magani cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa, ta sha yau, gobe ta kasa sha domin yana ɗaki. Maganin sida kuwa ba ya son tsallake. Idan ana sha ana bari, ƙwayar takan saba da shi, ya daina aiki. Ita ta cutu, jaririnta ya shiga haɗari, shi ma mijin bai san halin da jininsa yake ciki ba.

A nan akwai abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. Wanda aka fara aunawa ba lallai ne shi ya kawo cutar gida ba. Awon jini ba ya faɗin wanda ya fara kamuwa, ba ya faɗin ranar da aka kamu. Akan ma samu miji da mata, ɗaya yana da ita, ɗaya ba shi da ita. Saboda haka korar mace ko dukanta don sakamakon awo zalunci ne, kuma ba ya warkar da kowa.

Abin da bincike ya nuna

A Afirka ta Kudu an bi rayuwar ƴan mata fiye da 1000 har shekara 2, aka fitar da sakamako a 2010. Waɗanda mazansu ke dukansu ko tilasta musu sun fi sauran kamuwa da ƙwayar. Masu binciken suka lissafa cewa kimanin 12 cikin 100 na sababbin kamuwa suna da alaƙa da wannan cin zarafi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike na ƙasashe da dama. Ta ce a wasu yankuna macen da mijinta ke cin zarafinta haɗarin kamuwarta ya kai ninki ɗaya da rabi na wadda ba a yi wa haka. Wato inda mata 2 za su kamu cikin masu zaman lafiya, 3 za su kamu cikin waɗanda ake duka. An fi ganin wannan a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Mu da Allah ya sauƙaƙa mana, darasi ne gare mu. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma labari mai daɗi. A birnin Kampala na ƙasar Uganda an yi wani aiki mai suna SASA, inda mutanen unguwa da kansu, maza da mata, suka riƙa zama suna tattauna zaman aure da riƙon iko a gida. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna dukan mata a unguwannin da aka yi aikin ya kai kimanin rabi kawai na unguwannin da ba a yi ba. Mazan da ke neman mata a waje su ma sun ragu. Ashe hali yana sauyawa idan gari ya tashi tsaye.

Mu ma muna da namu. A shekarar 1991, a nan jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara, inda mata ke tara asusu duk mako suna ba juna rance. Macen da ke da ƴar akuyarta da ɗan jarinta, da ƙawayen da za ta gaya wa damuwarta, ba ta zama kamar marainiya a gidan miji. A 2008 kuma aka fara Makarantar Mazaje a jahar Damagaram da taimakon asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya ta iso jahar Maraɗi. A can magidanta ne ke zama suna jan hankalin ƴan uwansu su bar matansu su je awo da haihuwa a gidan likita.

Abin da ya kamata mu yi

Ku magidanta, maganar ta fi rataya a wuyanku, domin makullin gida yana hannunku. Ku ajiye sanda. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan matarsa ba. Dokar ƙasa kuma tana hukunta wanda ya doki wani ya ji masa rauni, ko da matarsa ce. Idan kun tafi cin rani, ku kama kanku. Wanda ya san ya kasa, ya yi amfani da kwaroron roba, irin su Foula da aka sani a ƙasarmu. Idan kun komo, ku fara biyawa ta gidan likita a auna jininku. A sani cewa awo ba ya ganin ƙwayar da ta shiga jiya ko shekaranjiya, shi ya sa akan ce a sake shi bayan wata 3. Mafi kyau, maigida ya kira matarsa ya ce, "Uwargida, shirya mu je a auna mu tare." Maganar da ta gagari bakin mace shekara da shekaru, namiji yana iya faɗinta cikin numfashi ɗaya.

Ku mata, kada ku bar awon ciki. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin wannan awo. Idan uwa tana da ƙwayar ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna iya kamuwa. Idan tana sha yadda aka ce, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Wadda ke tsoron gaya wa mijinta sakamako, ta gaya wa ungozomar likita ko majo tsoron nata tun farko. Suna iya kiran mijin, a yi bayanin a gabansu, a auna shi shi ma. Kada ta faɗa masa ita kaɗai cikin dare idan ta san yana da saurin hannu.

Ku iyaye da waliyyai, idan ɗiyarku ta yi yaji ta zo da kumburi a fuska, kada ku mayar da ita a daren kuna cewa ta yi haƙuri. Ku zaunar da surukinku gaban manya. Ku bar yarinya ta ƙosa kafin a yi mata aure. Ku nemi a yi awon jini kafin ɗaurin aure, ko na budurwa ne, ko na bazawara, ko ƙarin mata. Ku masu gari da limamai, maganarku tana da nauyi. Abin da kuka tsawatar a kai a bakin masallaci da ƙofar fada, gari yakan bari.

Idan abin ya riga ya faru

Macen da aka yi wa fyaɗe, ko aka tilasta mata kwanciya da wanda ake zaton yana da ƙwayar, a gaggauta kai ta likita. Akwai maganin da ke hana ƙwayar kama jiki idan an fara sha kafin awa 72, wato kwana 3, a ci gaba da sha har kwana 28. Idan babu shi a ƙaramin gidan likita, a nemi takardar zuwa babban asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi.

Wanda aka auna aka samu yana da ƙwayar, kada ya yanke ƙauna. A da akan ce wa cutar nan kabari kusa. Yanzu akwai maganin da ake ba da shi kyauta. Ba ya kashe ƙwayar duka, amma yana danne ta. Mai shansa kullum yana noma gonarsa, ya aurar da ƴaƴansa, ya ga jikokinsa. Idan awo ya nuna ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta a jini, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Dokar Nijar ta 2015 a kan wannan cuta ta hana a tsangwami mai ita, ta kuma umarci ma'aikatan lafiya su riƙe sirrinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ku faɗi hanyoyi uku da ake kamuwa da ƙwayar sida.
2. Me ya sa macen da ake duka ba ta iya kare kanta daga cutar?
3. Idan an fara samun ƙwayar a jinin mace wajen awon ciki, wannan ya nuna ita ta kawo ta gida?
4. Lissafi: idan mutum 4 cikin 1000 suna da ƙwayar, mutum nawa ne cikin 5000?
5. A garinku, wa mace za ta kai wa kuka idan ana dukanta?

Ranar 25 ga Nuwamba ita ce ranar yaƙi da cin zarafin mata ta duniya, ranar 1 ga Disamba kuma ta yaƙi da sida. Kwana shida ne tsakaninsu. Muna roƙon malaman azuzuwa su karanta wannan darasi a cikin kwanakin nan, ajin maza daban, ajin mata daban, kafin masu cin rani su gama tafiya. Ɗalibar nan ta Gulbin Kaba ta tambaye mu wa zai gaya wa maigidanta. Idan maigidan nata yana cikin masu karanta wannan shafi, to, ga shi mun gaya masa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya komo da matafiya gida lafiya. Amin.